Shafi Ɗaya, Fuska Goma: Abin da Ke Rikita Shafukan Intanet a Wayoyin Kudancin Kaduna

Duk matashin da ya taɓa haɗa wa wata makaranta, ko coci, ko ƙungiyar manoman citta shafin intanet a Kafanchan ya san irin wannan kiran. Kwana biyu da miƙa aiki, sai waya ta yi ƙara: "Ɗana, shafin nan fa ya lalace." Ya buɗe kwamfutarsa ya duba, komai na nan daram. Ya ce, "Baba, a wurina lafiya lau yake." Baba kuwa yana Zonkwa riƙe da wayarsa, hoton ɗalibai ya hau kan rubutu, madannin neman gurbi ya tsere ta gefen dama har ba a ganinsa, wani harafi a sunan makarantar ya koma ɗan akwati fanko. Babu maƙaryaci a cikinsu. Shafi ɗaya suke kallo, amma ba tela ɗaya ya ɗinka musu shi ba.

Da gangan na ce tela. Shafin intanet ba hoto ba ne da ake aikowa a gama. Abin da ke isowa wayarka yadi ne da takardar awo. Yadin shi ne HTML, wato rubutun da hotunan da jerin sassan shafin. Takardar awon ita ce CSS, wadda ke faɗin launi, girman haruffa, faɗin kowane sashe, da inda zai zauna. Ɗinkin kuwa a cikin wayarka ake yin sa, kuma burauza ce ke yi. Burauzoji suna da yawa a suna, amma injinan da ke cikinsu uku ne manya: Blink, wanda ke cikin Chrome da Edge da Samsung Internet da Opera, WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. A iPhone ɗin da ake riƙewa a ƙasar nan, ko Chrome ka buɗe, WebKit ne ke aiki a ƙarƙashi, domin haka Apple ya shar'anta. Ka ba teloli uku awo guda, in awon ya bar wani wuri a buɗe, kowa zai cike da abin da ya saba.

Mutumin Kafanchan bai buƙatar dogon bayani kan muhimmancin awo guda, don garin jirgin ƙasa ne ya raine shi. A 1927 layin dogo ya haɗa Kafanchan da Kaduna, reshe kuma ya tafi Jos, garin ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal. Abin da ya sa tarago zai taso daga bakin teku ya iso tasha a nan ba tare da an sauke kaya ba shi ne tazarar ƙarafan dogon ɗaya ce ko'ina, milimita 1,067. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa tazararsa milimita 1,435 ce, saboda haka jirginsa ba zai taɓa hawa tsohon dogon Kafanchan ba. Intanet ta sha irin wannan rarrabuwar a ƙuruciyarta. Wani ɗan ƙasar Norway, Håkon Wium Lie, ya kawo shawarar CSS a watan Oktoba na 1994, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da kashin farko a Disamba 1996. Amma a lokacin Netscape da Internet Explorer na kokawar cinye kasuwa, kowanne yana shimfiɗa dogonsa da tazarar da ya ga dama.

Mafi shaharar saɓanin wancan zamanin ya cancanci a tsaya a kansa, domin jikokinsa na nan har yau a shafukanmu. Kowane abu a shafi akwati ne: akwai abin da ke ciki, akwai ciko tsakaninsa da bango, akwai bangon kansa. A ƙa'idar W3C, idan ka ce faɗin akwati fiksel 300 ne, abin ciki kaɗai ka auna. Ka ƙara ciko 20 hagu da dama, da bango mai kaurin 2, akwatin ya zama 344. Tsohon Internet Explorer kuwa yana ɗaukar 300 ɗin a matsayin faɗin duka, har da ciko da bango. Bambancin 44 ya isa ya ture sashe guda zuwa ƙasa. Abin sha'awa, daga baya masu sana'ar suka ga cewa lissafin da aka kira kuskure ya fi dacewa da hankali, kamar yadda magini ke auna ɗaki har da katangarsa idan fili ya yi ƙaranci. Shi ya sa aka samar da umarnin box-sizing: border-box, wanda yau kusan kowane ƙwararre ke sa shi a layin farko. Wanda bai sa ba, ya raba fuskar waya gida biyu, rabi da rabi, ya ƙara ciko, zai ga na biyun ya faɗo ƙarƙashin na farko, ya kwana yana zargin wayar.

Wancan yaƙin ya lafa. An yi gwaje-gwajen Acid2 a 2005 da Acid3 a 2008 don matsa wa kamfanoni su bi ƙa'ida. Tsarin shimfiɗa shafi da ake kira Grid ya shiga Firefox da Chrome da Safari a wata guda, Maris 2017. Edge ya koma kan injin Chrome a Janairu 2020, Microsoft kuma ya yi ritayar Internet Explorer a ranar 15 ga Yuni 2022. Tun daga 2022 masu manyan burauzojin ke haɗa kai kowace shekara a wani shiri mai suna Interop, suna zaɓar wuraren da suka saɓa suna daidaitawa. Wanda ya koyi sana'ar daga bidiyon wani malami a Amurka zai ji ana cewa matsalar ta zama tarihi.

A can ta kusa zama. A nan kuwa ta sauya kama ne kawai, ta bar tsakanin kamfani da kamfani ta koma tsakanin sabo da tsoho, tsakanin mai data da mai tsimi. Chrome ɗin da ke kwamfutar mai haɗa shafi yana sabunta kansa a kai a kai. Chrome ɗin da ke wata itel ko Tecno da ta shekara biyar a hannun mai sayar da doya a Kagoro, wataƙila rabonsa da sabuntawa tun ranar da aka sayi wayar, ko don wurin ajiya ya cika, ko don mai ita ta kashe sabuntawar saboda kada ta cinye mata data. Wani lokacin ma ba zaɓinta ba ne: wayar da ke kan Android 7 ta tsaya a Chrome 119 tun ƙarshen 2023, ba za ta ƙara gaba ba. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma ɗaya ya san umarnin da ɗayan bai taɓa ji ba. Misali ƙarami: umarnin gap, mai sa tazara tsakanin abubuwan da aka jera da tsarin Flexbox, ya shiga Chrome a 2020, Safari a 2021. A wayar da ta girmi haka, madannan da ka ware za su manne da juna, mai babban yatsa ya nufi "Koma" ya danna "Aika".

Sai Opera Mini, wadda tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia ta zama ƙofar intanet ta farko ga dimbin 'yan Najeriya, kuma har yanzu mutane da dama ba su rabu da ita ba. An sake ta ga duniya a farkon 2006. Idan aka kunna mata matsanancin tsimin data, wayar ba ta karanta shafinka kai tsaye. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shi, su ɗinka shi a can, su matse, su aiko wa wayar abin da ya kusa zama hoto mai mahaɗai. Kamfanin ya ce hakan na iya rage data har kashi 90 cikin 100, kuma ga wanda ke sayen data ta kwana guda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farashin shi ne ado da yawa na zubewa a hanya. Samfurin haruffan da ka ɗora ba zai sauka ba. Grid ba ya aiki. Launi mai sirkawa yakan ɓace. JavaScript kuma, wanda ke sa shafi motsi da amsa dannawa, ɗan taƙaitaccen lokaci ake ba shi. Ka rubuta farin rubutu a kan launi mai sirkawa ba ka tanadi launi na fili a ƙarƙashi ba, sai a wayi gari fari a kan fari, sanarwar ranar komawa makaranta tana nan amma ido ba ya ganinta. Ka yi alamomin shafinka, kamar layuka ukun nan na buɗe jerin sassa, da samfurin haruffa na musamman, sai su ɓace, baƙo ya rasa ƙofar shiga.

Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma littattafan koyon sana'ar ba sa ko ambatonsa, shi ne haruffanmu. Kudancin Kaduna yanki ne na harsuna: Tyap, Jju, Hyam, Gworok, Fantswam da wasu da dama, ga Hausa da ke haɗa kowa a kasuwa da wurin ibada. Hausa na da ƙ da ɗ da ɓ, maƙwabtanmu na Nijar sun ƙara da ƴ. Tyap da Jju na rubuta wasali mai layi a ƙasa, kamar yadda ake gani a sunayen A̱tyap da Ba̱jju. Sannan ga alamar kuɗinmu, ₦. Duk waɗannan suna cikin Unicode, babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lamba. Kasancewa cikin kundi daban, kasancewar wanda ya zana samfurin haruffa ya zana su daban. Da yawa daga kyawawan samfuran da matasa ke ɗaukowa kyauta an zana su ne don harsunan Turai. Idan burauza ta zo kan ƙ ba ta same shi a samfurin da ka zaɓa ba, sai ta aro shi daga wani samfurin da ke cikin na'urar. A kwamfutar mai aikin aron yakan yi kama da sauran, ba zai lura ba. A wata wayar sai harafin ya fito siriri a tsakiyar kaurara, ko ya ɗara 'yan'uwansa tsawo. A wadda babu inda za a aro, sai akwati. Wani samfurin yana da ƙananan amma babu Ƙ da Ɗ da Ɓ, don haka matani lafiya, kanun labari a lalace.

Matsalar Tyap da Jju ta ɗara wannan. A Unicode babu harafi guda da ke tsaye a matsayin a̱. Abubuwa biyu ne ake haɗawa, a ɗin da kuma layin da ake ɗora masa daga baya. Zaman layin daidai ƙarƙashin wasalin ya dogara da ko samfurin ya faɗi inda za a maƙala shi, da kuma ko injin burauzar ya bi. In ba haka ba, layin ya goce ya koma ƙarƙashin harafi na gaba, ko ya tsaya shi kaɗai a gefe. Harshen Tyap ya samu Wikipedia tasa a 2022, da guminsu matasan yankin suka kai shi can, kuma kowane shafi nata cike yake da wannan wasalin. Yaron da ya buɗe irin wannan rubutun ya ga layuka sun warwatse zai ɗauka harshensa ne mai wuyar rubutu, alhali laifin na samfurin haruffa ne. Haka ma a Hausa: mutane da yawa sun daina sa ƙugiya saboda gudun akwati, sai ƙasa da kasa suka zama ɗaya, ɗaki da daki suka zama ɗaya. Ina ganin wannan asara ce ta gaske, domin abin da yara ke gani a waya kullum shi suke ɗauka daidai.

Akwai wata lalacewar mai kama da wannan da ba ta da alaƙa da samfuri. Idan ka ga ƙ ya koma Æ™, to shafin ne bai sanar da burauza cewa da tsarin UTF-8 aka adana rubutunsa ba, ita kuma ta yi hasashe ta karanta shi da tsohon tsarin Turai. Layi guda a saman shafi ke warkar da shi. Na samfurin kuwa maganinsa zaɓe: dangin Noto na Google, waɗanda aka yi su musamman don kawar da akwatunan nan, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL da ta daɗe tana aikin harsunan Afirka, duk suna ɗauke da haruffanmu. Sai a kula da abu guda: masu rage nauyin samfuri don tsimin data sukan yanke duk harafin da ba na Turanci ba, su yar da ƙ da ɗ ba su sani ba. Kuma a jera wa burauza samfuran madadi bayan na farko, a sanar da ita harshen shafin, ha ga Hausa, kcg ga Tyap, kaj ga Jju.

To, yaya ake gyaran sauran? Kuskuren da na fi gani shi ne farawa daga sama: a ƙawata shafi a babbar fuskar kwamfuta, sannan a dawo ana toshe ɓaraka waya bayan waya. Wannan aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma kowane toshi na buɗe wata kafar. Hanyar da ta fi ita ce farawa daga ƙasa, kuma Kafanchan na da nata misalin wannan tunanin. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take Bayan Loko, ta koyar da kwamfuta a lokacin da mafi yawan ƙauyukan yankin ba su taɓa ganin ta ba. Ta ci kyautar Hafkin ta sadarwa a Afirka a 2001, daga baya ta kafa Zittnet, hanyar intanet marar igiya da ta haɗa cibiyoyi a garin da kewaye. Da ta ga zafi da ƙura da rashin tsayayyar wuta na kashe kwamfutocin da ake kawowa daga Turai, sai ta shiga aikin wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta ta ci wuta kaɗan, ta yi aiki da hasken rana, ta jure ƙura. Ba su ce Kafanchan ta gyaru ta dace da na'ura ba, na'urar suka nemi ta dace da Kafanchan. Shafin intanet ma haka ya kamata a gina shi.

A aikace, ma'anar wannan ita ce a fara rubuta HTML mai tsabta wanda ko babu ado ko kaɗan mutum zai karanta shi daga sama zuwa ƙasa ya gane, ya cike fom, ya sami lambar waya. A sa sanarwar nau'in takarda a layin farko, domin rashinta na jefa burauza cikin yanayin kwaikwayon kurakuran shekarun 1990. A sa layin viewport, wanda in babu shi waya za ta ɗauka faɗin shafin fiksel 980 ne, ta ƙanƙance komai har sai an ja da yatsu biyu. A daidaita adon asali da kowace burauza ke zuwa da shi, irin tazarar fiksel 8 da ke gefen shafi da kamannin madannai da akwatunan fom. Eric Meyer ya fitar da sanannen tsarin share su a 2007, Nicolas Gallagher ya biyo da normalize.css mai daidaitawa maimakon sharewa. Sannan a shimfiɗa komai a layi ɗaya don ƙaramar waya, a bar faɗaɗawa ga manyan fuskoki.

Daga nan ne wata kyakkyawar ɗabi'ar CSS ke taimako. Burauza in ta gamu da umarnin da ba ta sani ba, ba ta tsayawa, tsallake shi take yi ta riƙe na baya. Saboda haka kana iya rubuta tsohon umarni, ka bi shi da sabo: tsohuwar waya ta ɗauki na farko, sabuwa ta ɗauki na biyu. Ka ce tsawon sashe 100vh, sannan a layi na gaba 100dvh. Na biyun shi ke lissafi da sandar adireshin da ke ɓoyewa tana dawowa a waya, wadda ke sa madannin ƙasa ya nutse. Ka sa launi na fili kafin mai sirkawa. Ka naɗe Grid cikin @supports, wanda ke tambayar burauza ko ta iya kafin a ɗora mata. Shafin caniuse.com na nuna wace burauza ta iya me, tun daga wane zubi, kuma yana da gurbin Opera Mini. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rubuta "a buɗe da Chrome kawai" a saman shafi. Uwar da ke neman sakamakon jarrabawar ɗanta a Manchok ba ta zaɓi burauzarta ba, a cikin wayar ta same ta.

Kada kuma a manta da takarda. A nan shafi da yawa ƙarshensa shagon buga takardu: takardar shaidar biyan kuɗi, katin jarrabawa, sakamakon zango. Burauzoji ba sa buga launin bayan rubutu sai an ce su yi, kuma kowace da tata tazarar gefe. Wanda bai rubuta ado na musamman don bugawa a A4 ba, ɗalibi zai biya kuɗin shafi biyu, sa hannun shugaban makaranta ya faɗa a na biyun shi kaɗai.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a kan aikin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma tsofaffin wayoyin nan ƙarewa za su yi. Akwai gaskiya a farkon maganar: masu ba da aiki a nan ba kasafai suke biyan lokacin gwaji ba, kuma ya kamata masu sana'ar su riƙa sa shi cikin ciniki tun farko. Na biyun ne ban gamsu da shi ba. Tsadar sabuwar waya ta sa mutane na riƙe tsohuwa fiye da da, kuma wadda yaya ya bari ƙane ke gada, daga shi ta wuce wurin kaka a ƙauye. Sannan ba a neman shafi ya fito iri ɗaya sak a ko'ina. In kusurwar akwati ta fito a lanƙwashe a iPhone ta fito a miƙe a Opera Mini, ba wanda ya cutu. Cutuwa na zuwa ne idan farashin buhun citta ya koma akwati da lambobi, mai saye daga Kano bai san ko naira ake nufi ba, ko idan fom ya ƙi aikuwa.

Gwajin ma bai kai tsadar da ake zato ba. Kayan gwajin da ke cikin Chrome na kwamfuta suna kwaikwayon waya ne kawai, injin na nan sabo, don haka ba za su nuna maka abin da tsohuwar waya ke gani ba. Gani ya kori ji. A cikin gida ɗaya a Kafanchan za ka tara wayar mahaifiya, ta ƙanwa, ta maƙwabci mai iPhone, da wadda aka jefa cikin durowa don fuskarta ta tsage. Ka buɗe shafin a kowace, da data ba da wayifai ba, ka kunna tsimin Opera Mini har ƙarshe, ka kuma aika wa kanka mahaɗin ta Facebook ka buɗe daga can, tunda manhajar na da tata burauzar ta ciki kuma ta nan baƙi da yawa za su shigo. Kafin ka fara, ka liƙa ɗan layin gwaji a saman shafin, sau ɗaya da ƙananan haruffa, sau ɗaya da manya masu kauri: ƙ, ɗ, ɓ, a̱, i̱, da ₦25,000. Ka fita da wayar tsakar gida da rana tsaka ka duba ko launin rubutun na karantuwa, sannan ka miƙa wa Baba ita ba tare da ka nuna masa komai ba, ka ce ya nemo lambar wayar makarantar.